Me ya sa manhaja take neman ma'aunin hayaniya kafin ta nuna inda siginar ƙwaƙwalwa ta taso?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce daga Aboabo a Kumasi, ina nazarin bayanan EEG, wato awon siginar lantarkin ƙwaƙwalwa, da aka ɗauka da wayoyin awo 64 da aka manna a fatar kai. Duk lokacin da na nemi manhajar Brainstorm ta nuna mini sashen ƙwaƙwalwar da sigina ta taso, sai ta ce in fara ba ta ma'aunin hayaniya. A ina zan samo shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da wayoyin suke kamawa ƙanƙani ne ƙwarai, kuma yana zuwa a gauraye da ƙiftawar ido, da motsin tsokar muƙamuƙi, da kugin wutar lantarki, wadda a Ghana take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Manhajar tana so ta san yawan hayaniyar kowace waya, da waɗanda hayaniyarsu take tashi tare, domin ta rage dogaro da su wajen lissafi.

Masu na'urar MEG, wadda take auna maganaɗisun ƙwaƙwalwa, sun fi samun sauƙi, domin sukan kunna ta na kamar minti 2 babu kowa a ciki. A EEG hakan ba ya yiwuwa, tunda wayar da ba ta taɓa fata ba ba za ta nuna hayaniyar ainihin ɗauka ba.

Saboda haka ki yanko ɗan lokacin da ya gabaci kowane hoto ko sautin da aka gabatar wa mutum, misali kashi 1 cikin 5 na daƙiƙa, ki haɗa na dukkan gwaje-gwajen wuri guda. Kada ki yi rowa a nan, domin wayoyi 64 suna nufin lambobi 2,080 ne za a ƙiyasta (ɗaya ga kowace waya, ɗaya kuma ga kowane haɗin wayoyi biyu), kuma guntun bayani ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Idan kuwa mutumin yana zaune ne kawai babu abin da aka gabatar masa, ki zaɓi a ɗauka hayaniyar dukkan wayoyin daidai take, bayan kin cire waɗanda suka lalace.

Abin da na fi jin tsoro shi ne wannan: duk abin da kika kira hayaniya, manhajar za ta danne shi. Idan mutumin ya riga ya san lokacin fitowar hoton, ƙwaƙwalwarsa tana shiri tun kafin ya bayyana, kuma wannan shirin zai shiga ma'auninki. Sannan tacewar da kika yi wa ainihin bayanan don cire abin da ba a so, ita za ki yi wa yankin hayaniyar, kuma ɗaukar ranar da aka tayar da janareta saboda dumsor, wato ɗaukewar wuta, a auna mata nata daban.