Amsar Yaya a kan likitan da ke komawa wani mutum

Assalamu alaikum 'yan uwa. Auta, na ji muryarki tun azahar, ina makaranta ne, sai yanzu da na shigo danfo daga Oshodi na samu sarari. Ku yi haƙuri da hayaniyar, kwandasta ne ke kiran Agege.

Kin ce kin ga fim ɗin likitan nan da ke shan wani haɗi ya rikiɗa ya zama dodo, kina tambaya ko labarin aljanu ne irin namu, na mai iska. A'a ƙanwata, babu aljani ko ɗaya a ciki, kuma masu fim sun ɓata shi da suka sa masa dodo. Asalinsa ɗan ƙaramin littafi ne, Jekyll da Hyde, wani mutumin Sukotland mai suna Robert Louis Stevenson ya fitar da shi a 1886. A Landan aka kafa labarin.

Hyde na littafi, wato wanda likita Jekyll ke rikiɗewa ya zama, ba ƙato ba ne. Gajere ne, ya fi likitan ƙuruciya, har kayan likitan sukan yi masa yawa. Duk wanda ya gan shi sai ya ji ƙyamarsa, amma in an ce ya faɗi abin da ke damun fuskar, sai ya rasa ta cewa.

To ga inda nake so ki tsaya. Mutane suna ɗauka Jekyll mutumin kirki ne da magani ya lalata. Ba haka ya faɗa da bakinsa ba. A takardar da ya bari, cewa ya yi tun yana saurayi yake da abubuwan da ransa ke so, amma yana son a riƙa ganinsa da girma, shi ya sa ya riƙa ɓoye su. Ya kai wajen shekara hamsin a haka. Maganin bai kawo masa sabon hali ba, fuska ya ba shi, wadda zai fita da ita cikin dare ya dawo da safe mutuncinsa na nan daram. Mu kan ce tsoro na daji, kunya na gida. Shi ya nemi dabarar da zai ajiye kunyar a gida ya fita ba ita.

Hatta gidansa haka yake. Ta gaba ƙofa ce ta masu hali, da bara mai tarbar baƙi. Ta baya kuma, a wani lungu, wata ƙofa ce da fenti ya kore, ba ƙararrawa, ba abin ƙwanƙwasawa. Gida ɗaya ne fa. Da na karanta wajen nan sai na tuna gidajen da muke wucewa, gaba an sha tayil, ki zagaya baya ki ga kwata ta toshe.

Amma wallahi abin da ya fi tsaya mini a rai abokansa ne. Labarin ya fara da wani mutum yana dawowa gida wajen ƙarfe uku na dare, ya ga Hyde ya bangaje wata yarinya 'yar shekara takwas zuwa goma, ya bi ta kanta ya wuce tana ihu. Aka kama shi. Me aka yi? Aka ce ya biya fam 100 ko a tona shi a gari. Ya shiga ta waccan ƙofar bayan, ya fito da fam 10 na zinariya da cek na sauran, ɗauke da sa hannun likita. Aka karɓa, kowa ya ja bakinsa. Shi mai ba da labarin ma cewa ya yi ƙa'idarsa ce, in abu ya fi kama da abin kunya, sai ya rage tambaya.

Sai lauyan likitan, Utterson, amininsa na shekaru. Da Hyde ya kashe wani dattijo ɗan majalisa da sanda, lauyan ya gane sandar, shi ya ba likita ita kyauta. Akawunsa kuma ya nuna masa cewa rubutun hannun Hyde da na likita kusan ɗaya ne. Ya ɗauki takardar ya kulle a akwatin ƙarfe. A ganinsa yana rufa wa aboki asiri.

Ni nan nake jin tsoro, don mu ma rufin asiri babban abu ne a wajenmu, har addu'arsa muke yi kullum, kuma gaskiyarmu ne. Amma akwai rufa wa mutum asiri a kan abin da ya wuce ya tuba, akwai kuma yin shiru alhali yana kan taka 'yar mutane. A Legas ɗin nan, inda ba wanda ya san gidan ubanka, ƙofar baya ba ta da wuyar samu. Akwai wani maƙwabcinmu a da, ba zan kama suna ba, ɗan kasuwar gwari ne, sahun farko ba ya wuce shi, duk wata yana aike Arewa. Waya biyu gare shi. Ƙaramar ita kowa ya sani, babbar tana cikin buhun shinkafa a ɗaki, da ita yake cacar ƙwallo bayan isha'i. Matarsa ta gani tun da wuri, ta gaya mini tana kuka, ta haɗa ni da Allah kar in faɗa. Na yi shiru. Sai da kuɗin tumatirin mutane ya tafi kaf, suka tashi cikin dare. Har yau abin yana cina.

Kuma ba na ce masa Musa a baki Fir'auna a zuci. Sallarsa da gaske yake yi, na yarda da haka. Shi ma Jekyll ya ce a duk ɓangarorin biyu da gaske yake, ko yana taimakon marasa lafiya ko yana sheƙe ayarsa. Ai Alƙur'ani ya ambaci rai mai yawan umarni da mummuna a Suratu Yusuf, ya kuma ambaci rai mai yawan zargin kansa a Suratul Ƙiyama, duk a ƙirji ɗaya. Hadisin da Muslim ya ruwaito kuma ya ce zunubi shi ne abin da ya yi maka kai-kawo a zuciya, kana ƙin mutane su gani.

Ƙarshensa, wata safiya likita ya farka ya ga hannunsa a kan bargo, siriri, duk gashi, hannun Hyde, alhali bai sha komai ba. Daga baya sai ya zama maganin yake sha don ya koma kansa. Garin da yake haɗawa da shi ya ƙare, sabon da aka sayo ya ƙi ci. Ya kulle kansa a ɗaki, baransa na jin kuka ta bayan ƙofa. Da baran da lauya suka fasa ƙofar da gatari. Wuta na ci a murhu, buta na tafasa, an jera kayan shayi, ga ɗan ƙaramin mutum kwance cikin manyan kayan likita, ya sha guba.

Mun iso Pen Cinema, zan sauka. Littafin na gida, Auta, in kin zo ranar Asabar ki tuna mini.