Naɗe manifol ba ya maganin zafin inji

Tambaya: Injiniya, tun da bazara ta kama, da na shiga cunkoson Kurna sai allurar zafi ta tashi. Bakanikena ya ce in sayo zaren nan mai jure wuta a Ƙofar Ruwa a naɗe manifol ɗin salansa, wato bututun ƙarfen da ke kwaso hayaƙi daga jikin inji, wai magana ta ƙare. Wani kuma ya ce wuta motar za ta kama. Da yara nake yawo a cikinta, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Ɗan'uwa, dakata tukuna. Naɗin yana da ranarsa. Yana riƙe zafi cikin bututu, wayoyi da robobin da ke kusa su huta da gasuwa, hayaƙi ya ƙara saurin fita. Masu motocin tsere ke cin wannan riba. A motar gida da ƙyar ka ji bambanci. Shi kuwa manifol na zubin ƙarfe zafinsa kan haura digiri 600, in aka hana shi shan iska tsagewa yake yi. Da damina laima ta kwanta ƙarƙashin naɗin, tsatsa ta ci ƙarfen ba ka gani. In baƙin mai na ɗiga a kai, ya tsotse kamar lagwani, to nan maganar gobara gaskiya ce.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne cewa wai naɗi na sanyaya inji. Wa ya koya wa masu faɗin haka? Allurar nan zafin ruwan inji take aunawa, naɗin kuwa bai taɓa ruwan ba. Kullum sai an kawo mini irinta: an cire tamostat, abin da ke daidaita zagayen ruwan inji, an jefar, an haɗa fanka kai tsaye, lagireto ya toshe da dattin ruwan rijiya, farantin ƙarfen da kamfani ya rufa wa manifol an kwance don yana ƙara. Sannan a zo a naɗe. Mai mota ya ɗaga bonet ya ji hucin ya ragu, ya yi godiya, ya kama hanyar Zariya, gaskit, shimfiɗar da ke toshe mahaɗar kan inji, ya ƙone. Wasu har tsohuwar igiyar asbestos suke sawa, wadda ƙurarta ke jawo kansar huhu. Bakanizai, ku ji tsoron Allah, rayuka ne a cikin motar nan.

Tunda a cunkoso take zafi, fara da fanka, sannan murfin lagireto da famfon ruwa. Farantin nan kuma a nemo a mayar.