Ɗana yana son taimakon waɗanda ambaliya ta shafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara tara ya ga hotunan mutanen da ambaliyar ruwa ta raba da muhallansu, tun daga ranar yake tattara tsofaffin tufafinsa wai a kai musu. Ta yaya zan raini wannan tausayi har ya zame masa ɗabi'a? Daga wata uwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki shi, ya ƙara masa taushin zuciya. Ki yaba masa tukuna, sannan ki zaunar da shi ki tambaye shi: wanda ruwa ya cinye gidansa jiya, me yake fara nema da safiyar yau? Ki ba shi lokaci ya yi tunani, domin a nan darasin yake. Rabuwa da abin da mutum ya gaji da shi ba ta da wuya, amma fifita wani a kan kai yana farawa ne daga sanin ainihin buƙatarsa.

Buƙatar farko kuwa galibi ruwa ne mai tsabta, tunda ambaliya kan cakuɗa rijiyoyi da ƙazantar masai. Ƙa'idar Sphere da ƙungiyoyin agaji ke bi ta tanadi aƙalla lita 15 ga kowane mutum a rana, na sha da girki da tsabtar jiki. A Haiti, bayan girgizar ƙasar Janairun 2010, kwalara ta ɓarke a watan Oktoba, ta yaɗu ta gurɓataccen ruwa, ta hallaka dubban mutane. Tufafin da ba a nema ba sukan zama ƙarin aiki ga masu agaji, domin sai an tantance su an samar musu ma'aji, shi ya sa ƙungiyoyi irin su Red Cross suka fi son gudummawar kuɗi.

Saboda haka ki auna masa lita 15 a bokiti ya gani da idonsa, ya gwada ɗauka. Sannan ki bar shi ya ware wani abu daga kuɗin da kike ba shi, da zaɓinsa, ba tilas, ku je tare ya miƙa da hannunsa. Ina roƙonki kada ki ɗauke shi hoto yana bayarwa, kada ya saba da neman yabo, kuma ki kare shi daga hotunan gawarwaki.

Bayan wata uku, lokacin da labarin ya ɓace daga talabijin alhali mutanen suna nan a sansani, ki sake tuna masa da su, ku bincika abin da suke buƙata a lokacin, wataƙila littattafan makaranta ne ko gidan sauro.