Shin duk masu sunan Madaki dangi ɗaya ne?

Tambaya: Malam, sunan kakanmu Madaki, kuma ina ganin Musulmi da Kirista duk suna amsa shi. Wai wani babban janar ne tun na da muka fito daga tsatsonsa?

Amsa: A'a ɗan'uwa, ba mutum ɗaya ba ne, Madaki sarauta ce ta yaƙi. Madaki, wato Madawaki, shi ne shugaban mayaƙan dawakai, in an fita daga shi ke jan runduna a madadin sarki, kuma ƙarfinsa ba na wasa ba ne don a tarihin Kano an ce wajen 1652 Madawaki Kuma ya tuɓe Sarki Kukuna ya ɗora Soyaki, sai da Kukuna ya yi da gaske kafin ya dawo kan gadonsa. Har gobe Madakin Kano na cikin masu zaɓen sarki tare da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta, kuma sarautar gidan Yolawa ce.

To ya aka yi ta koma sunan iyali? Sarautar ba a birni kaɗai ta tsaya ba, ta bazu har ƙauyuka, musamman ƙasar Zazzau da Bauchi da wajen Gwarawa, dagatai da yawa suna da Madakinsu. Da boko ta zo malami ya ce yaro faɗi sunan babanka, shi kuwa yaro a gida ba a kama sunan uba, abin da duk gari ke kiransa shi zai faɗa, sai kawai a rubuta Madaki a rajista, shike nan ya bi jikoki. Haka Galadima da Barde da Ciroma suka shigo.

Duba ma gwamnonin soja uku da muka yi. Kanar Yohanna Madaki ɗan kudancin Kaduna ya riƙe Gongola a 1985, shi ne ya tuɓe Sarkin Muri. Joshua Madaki ya yi Bauchi daga 1987 sannan Filato, John Yahaya Madaki kuma ɗan jihar Neja ya yi Katsina daga 1989. Suna ɗaya, amma ba 'yan gida ɗaya ba ne.

Ni dai shawarata, tun dattawan gidanku na da rai ka je ka zauna da su ka tambaya wane gari kakanku ya yi wa Madaki, wane sarki ya naɗa shi, sannan menene sunansa na yanka, don shi ne yake saurin ɓacewa.