Amsa ga mai tambaya a kan Selenium, Cypress da Playwright

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, na karanta tambayarka, inda ka ce manhajar yanar gizon da kuke ginawa ta girma har ta kai idan kun gyara wuri ɗaya sai wani wurin ya lalace, kana kuma neman a taya ka zaɓe tsakanin Selenium da Cypress da Playwright domin ku fara gwajin da kwamfuta ke gudanarwa da kanta. Na yi aiki da dukansu uku kuma zan faɗi ra'ayina, sai dai zaɓen kayan aikin shi ne ƙaramin ɓangaren matsalarku. Ni ma ta wannan ƙofar na shiga, na kuma ji a jikina.

A wurin da na fara aiki, mun zage damtse muka rubuta gwaje-gwaje masu yawa da Selenium. Kowannensu yana buɗe burauza, ya sa suna da kalmar sirri, ya cike fom, ya danna maɓalli, sannan ya duba abin da ya fito. Da farko mun ji daɗi. Da tafiya ta yi tafiya, gudanar da su gaba ɗaya ya koma cin kusan awa guda, kuma da wuya a wayi gari ba a sami biyu ko uku sun faɗi ba, alhali babu wanda ya taɓa komai. Idan aka sake kunna su sai su wuce lafiya lau. Yawanci dalilin shi ne gwajin ya danna maɓalli kafin shafin ya gama fitowa. Maganin da muka yi, wanda ba magani ba ne, shi ne mu rubuta masa ya jira daƙiƙa 5. Ranar da sabar ta yi nauyi 5 ba ta isa ba, sai wani ya mai da ita 10. A haka mutane suka daina razana idan sun ga jan launi, alamar cewa gwaji ya faɗi, har ranar da gwaji ya kama kuskure na gaske aka ɗauka halinsa ne na kullum, aka saki manhajar da kuskuren a ciki.

Wannan kuskuren shi ya koya mini hankali, saboda haka bari in tsaya a kansa. Manhajar tana lissafa ranar sabunta rajista ta hanyar ƙara wata ɗaya a kan ranar da mutum ya yi rajista. A harshen rubuta manhaja na JavaScript, idan ka ɗauki 31 ga Janairu ka ƙara wata ɗaya da setMonth, umarnin da ke saita wata, ba za ka sauka a ƙarshen Fabrairu ba. Tun da babu 31 ga Fabrairu, kwanakin da suka rage sai su zarce, ka tsinci kanka a 3 ga Maris, ko 2 ga Maris a shekarar da Fabrairu ke da kwana 29. Lissafin layi biyu ne kacal, amma mun binne shi a cikin kod ɗin da ke zana shafi, yana karanta agogon kwamfuta da kansa, yana kuma rubutawa a rumbun bayanai nan take. Babu yadda za a yi ka tambaye shi me zai faru ranar 31 ga Janairu sai ka jira ranar ta zo, ko ka murɗe agogon na'urar.

Gyaran da muka yi bai buƙaci sabon kayan aiki ba. Mun ciro lissafin muka ajiye shi shi kaɗai, ta yadda za ka miƙa masa kwanan wata ya dawo maka da kwanan wata, bai san burauza ba, bai san rumbun bayanai ba, bai kuma duba agogo ba. Daga nan sai ƙananan gwaje-gwaje suka yiwu: ƙarshen Janairu, 29 ga Fabrairu, 31 ga Disamba, duka su ƙare kafin ka ɗaga yatsa daga maɓalli. Ƙa'idar da nake bi tun daga lokacin ita ce duk abin da kod ya dogara da shi daga waje, agogo ne, ko rumbun bayanai, ko hanyar aika saƙon imel, a miƙa masa shi, kada ya je ya ɗauko da kansa, domin a lokacin gwaji a iya ba shi na bogi. Idan ka ga wani ɓangare yana wahalar gwadawa, galibi an ɗora masa ayyuka fiye da ɗaya ne. Haka batun kuɗi yake: idan aka tara 0.1 da 0.2 a JavaScript suna ba da 0.30000000000000004 maimakon 0.3, shi ya sa ake ajiye kuɗi da ƙaramin ma'auninsa, kamar kobo, a cikakkiyar lamba, kuma ƙaramin gwaji ne ke kama irin wannan cikin sauƙi.

Wannan shi ne abin da Mike Cohn, marubuci a fannin gina manhaja, ya siffanta da dala: ƙananan gwaje-gwaje masu yawa a ƙasa, na haɗa ɓangarori a tsakiya, na burauza kaɗan a sama. Na ƙasan kuna iya yin su da Jest ko Vitest idan JavaScript kuke rubutawa, pytest idan Python ne, JUnit idan Java ne. Na tsakiyan ne aka fi mantawa da su, alhali suna da riba ƙwarai, wato ka aika buƙata kai tsaye zuwa sabar, da rumbun bayanai na gaske wanda aka keɓe don gwaji, ka duba amsar ba tare da buɗe shafi ba.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Selenium shi ne dattijonsu, Jason Huggins ya fara shi a 2004, kuma tsarin WebDriver da yake amfani da shi wajen tuƙa burauza ya zama ƙa'idar W3C, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin yanar gizo, a 2018. Yana aiki da harsuna da dama, amma jiran shafi kai za ka tsara shi da kulawa. Cypress yana gudana a cikin burauzar, yana da daɗin kallo lokacin neman kuskure, sai dai da JavaScript ko TypeScript kawai ake rubuta shi, kuma aikin da ke buƙatar shafuka biyu a buɗe lokaci guda yana ba shi wahala. Playwright, wanda Microsoft ta fitar a 2020, yana tuƙa manyan injinan burauza, wato Chromium da Firefox da WebKit, yana jira da kansa har maɓalli ya zama a shirye kafin ya danna, yana kuma iya ajiye tarihin kowane mataki domin ka ga inda gwajin ya tuntuɓe. Idan sabon aiki ne, Playwright zan ɗauka. Wanda kuwa yake da gwajin Selenium masu aiki lafiya, ban ga dalilin da zai sa ya rushe su don yayi ba.

Ko wanne kuka zaɓa, ku taƙaita shi ga hanyoyin da idan suka lalace aikinku ya tsaya, kamar shiga manhaja da rajista da biyan kuɗi. Ku nemo maɓalli da sunan da mutum ke gani ko da alamar da aka sa masa don gwaji, kada ku dogara da matsayinsa a shafi, domin ranar da mai zane ya motsa shi komai zai zube. Kowane gwaji ya ƙirƙiri bayanansa da kansa, kada ya ci gajiyar abin da na gabansa ya bari. Gwajin da ke faɗuwa yau ya wuce gobe kuwa, a gyara shi a makon ko a cire shi.

Tun da manhajarku ta riga ta girma, kada ku dakatar da aiki don rufe ta da gwaji gaba ɗaya, kada kuma ku maƙale wa kason kod ɗin da gwaji ya taɓa, domin na taɓa ganin gwajin da ke bi ta kan layuka da yawa bai tabbatar da komai ba. Duk kuskuren da aka kawo muku, ku fara rubuta gwajin da zai faɗi saboda shi, sannan ku gyara, ku kuma haɗa gwaje-gwajen da GitHub Actions, mai gudanar da su da kansa duk lokacin da aka yi gyara, ko makamancinsa, ta yadda babu gyaran da zai shiga babban reshe, wato ainihin kod ɗin manhajar, sai sun wuce.