Hukuncin Sayen Madabod Mai Tsada Domin Kwamfutar Wasa Ta Daɗe

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tara kuɗi daga albashina domin in haɗa kwamfutar wasa da hannuna, wadda nake so ta yi mini shekaru ban sake ta ba. Da na zo kan madabod, wato babban allon da ake ɗora sauran kayan kwamfuta a kai, sai na tsaya, domin akwai mai sauƙin kuɗi, akwai kuma wanda ya kusa ninka shi. Yayana ya ce sayen mai tsadar almubazzaranci ne, tunda abin duk wasa ne. Ni kuma ina tsoron in sayi mai araha ya tsufa da wuri. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, asali a cikin kayan amfani shi ne halacci, kuma kayan aiki hukuncinsa yana bin abin da aka yi da shi. Idan wasannin da kake nufi babu caca a ciki, babu tsiraici, babu girmama shirka, kuma ba sa sa ka jinkirta salla ko tauye haƙƙin iyaye da iyali, to haɗa kwamfutar halal ne. Wannan shi ne abin da malamai da dama na wannan zamani suka tafi a kai, ko da yake akwai masu tsanantawa saboda ɓata lokaci, kuma tsoronsu yana da tushe.

Yayanka ya yi maka nasiha da kyakkyawar niyya, ka gode masa. Sai dai tsada ita kaɗai ba ta mayar da saye almubazzaranci. An ruwaito daga Ibn Mas'ud, Allah ya yarda da shi, cewa tabziri, wato almubazzaranci, shi ne kashe dukiya ba bisa haƙƙi ba. Israfi kuwa wuce iyaka ne a cikin abin da yake halal. Allah ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan, aya ta 67, da cewa idan suka ciyar ba sa wuce iyaka, ba sa ƙwauro, suna tsayawa tsakani. A hadisin Mugira ɗan Shu'uba da Buhari da Muslim suka ruwaito, Annabi (SAW) ya ambaci tozarta dukiya cikin abubuwan da Allah ya ƙi mana. Wanda ya sayi abu mara ƙwari, bayan shekara biyu ya sake saye, shi ma yana iya faɗawa cikin tozarta dukiyar. Saboda haka abin dubawa shi ne: ƙarin kuɗin nan, me zai saya maka?

Wannan ba a littafin fiƙihu ake samunsa ba, wajen masu sana'ar ake tambaya, kamar yadda Alƙur'ani ya umarce mu da komawa ga ma'abota sani. Abin da suka tabbatar shi ne, saurin wasa yana fitowa ne daga katin hoto, mai zana abin da ake gani a fuskar kwamfuta, da firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Idan aka ɗora firosesa ɗaya da katin hoto ɗaya a kan madabod matsakaici da kuma mai tsada, bambancin da za a gani a wasa kaɗan ne ƙwarai. Madabod aikinsa ya ba kayan wuta daidai, ya haɗa su, ya bar ƙofa a buɗe don sauyin gaba.

Wannan ƙofar ita ce soket, gurbin da firosesa ke zama. Kamfanin AMD ya fito da soket ɗin AM4 a 2016, kuma har 2024 yana fitar da sababbin firosesa da ke shiga cikinsa. Mutane da yawa sun sauya firosesa kaɗai, kwamfutarsu ta koma kamar sabuwa. AM5 ya fito a 2022, da RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) nau'in DDR5 kawai yake aiki, kuma kamfanin ya ce zai ci gaba da tallafa masa aƙalla zuwa 2027. Intel kuwa soket ɗinsa LGA1700 na 2021 ya ɗauki zubi uku na firosesa, daga na 12 zuwa na 14, sannan aka koma LGA1851 a 2024. Ban ce ka sayi na wane ka bar na wane ba, wannan ba aikin mai fatawa ba ne. Amma wanda ya ƙara kuɗi don ya hau soket mai sauran rayuwa, ya bar wanda aka daina yi wa sababbin kaya, kuɗinsa ya tafi a kan amfani sananne, babu israfi a nan.

Haka nan sashen da ake kira VRM, wato jerin ƙananan kayan da ke kewaye da soket. Su ne ke karɓar wuta mai ƙarfin bolt 12 su sauko da ita zuwa bolt ɗaya da 'yan kai da firosesa ke buƙata, kuma suna zafi sosai. Ka ɗaga madabod ɗin ka duba: in ka ga ƙarfen sanyaya mai kauri ya lulluɓe su, alheri ne, in ka gan su a fili babu murfi, kuma kana da niyyar ɗora babban firosesa nan gaba, to zafi zai riƙa rage masa gudu. Ka ƙirga guraben M.2 na ma'ajiya, biyu ko uku sun ishi mai wasa. Ka nemi mai maɓallin sabunta BIOS, wato manhajar da ke jikin madabod mai tada kwamfuta, ba tare da firosesa ba, ƙaramin abu ne amma ranar sauyi za ka ga ranarsa. Duk wannan ana samunsa a matsakaitan ajin madabod irin B650 da B850 na soket AM5.

Inda nake ji maka tsoro shi ne abin da ya wuce haka: fitilu masu canza launi, ɗan allon nuni a jikin madabod, gurabe masu yawa da ba za ka taɓa cikawa ba, da kayan da aka yi don masu gasar tura firosesa fiye da ƙa'idarsa. Ado a kan kansa ba haram ba ne, domin ya tabbata a Muslim cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau. Mai yalwa da ya sauke haƙƙoƙin da ke kansa, in ya saya don yana so, ba za a ce ya yi zunubi ba, ko da yake bari ya fi. Amma wanda zai ci bashi, ko ya rage abin da yake ba mahaifiyarsa, ko kuma abin da ke ransa a gani a ce ya fi wane, wannan ya shiga abin zargi. Israfi yana bambanta da bambancin hali. Abin da yake daidai ga wani wuce iyaka ne ga wani. In kuma sayen ta hanyar bashi mai ruwa ne, haramun ne kai tsaye, ko madabod ɗin mai araha ne.

Wata mas'ala da ba ka tambaya ba amma za ta same ka: alƙawarin kamfani na tallafa wa soket ba sharaɗi ba ne a cinikinka da mai sayarwa. A 2020 AMD ya fara cewa tsofaffin madabod na soket AM4 'yan ajin 400 ba za su ɗauki firosesa masu zuwa ba, sai da masu saye suka yi ƙorafi ya janye. Da bai janye ba, cinikin waɗanda suka saya yana nan ingantacce, domin abin da aka sayar musu allon da ke hannunsu ne. Abin da ke ba ka damar mayarwa shi ne aibin da yake jikin kayan tun kafin saye aka ɓoye maka, ko garantin da aka rubuta, don haka ka adana rasit. In kuma wata rana za ka sayar da naka, wajibi ne ka faɗi in wani fil na soket ya lanƙwashe ko wani gurbin RAM ya daina aiki.

Hukuncinka dai: ya halatta ka sayi wanda ya fi tsada matuƙar ƙarin yana kan soket, ƙarfin wuta da guraben da za ka yi amfani da su, da kuɗinka na halal, babu wani haƙƙi da ya tauye. In ƙarin na ado ne kawai, ka ɗauki matsakaicin, ka nuna wa yayanka lissafin don hankalinsa ya kwanta.

Wallahu a'alam.