Ajinmu gidan Goggo ne

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce ana tallar wani aji na mako biyu a WhatsApp, wai ana koya wa amare girki da tarbar baƙi kamar makarantun 'yan matan masu kuɗi na Suwizalan, kina tambaya ko mu ma mun yi irinsa. Na Turawan na san labarinsu. Gimbiya Diana ta Ingila ma an kai ta can a 1978, zango ɗaya ta yi ta gudo gida. Namu sunansa riƙo, kuma ba a gudu.

Ina shekara bakwai aka kai ni wurin ƙanwar babanmu a Zariya. Ni ce 'yar fari, uwata ko sunana ba ta kamawa don kunya, balle ta zaunar da ni ta yi mini faɗa. Goggo kuwa ba ruwanta. Wata rana na miƙa wa baƙo ruwa a tsaye, da hagu. Ba ta ce uffan ba sai da ya fita, sannan ta sa na durƙusa gaban turmi da kwanon sha, ina miƙa masa da hannu biyu ina cewa "sannu da zuwa", har azahar. A gidan na koyi tuƙin tuwo ba gudaji, da kaɗa miyar kuka, da cewa ba a tsallaka ƙafar babba. Shekara tara na yi a can.

Shi ya sa ranar da aka sa mu a lalle, faɗan da tsofaffi suka yi gajere ne: yi na yi, bari na bari, ki yi haƙuri. Haƙurin nan dai, gaskiya, an cika masa gishiri. Na ga waɗanda aka cuta suka yi shiru har ƙasa ta rufe musu ido. Nana Asma'u, da ta rasu a 1864, ba haka ta yi ba. Jajinta, wato malamai matan da ta naɗa, sukan ɗora malfa su shiga ƙauyuka su koya wa ɗalibansu mata, 'yan taru, addini cikin waƙa, mace ta san abin da ke kanta da wanda ke kan mijinta.

Ki biya ki shiga, za ki ƙaru da girkin zamani. In kun gama ki zo ki yi mini wata guda kafin biki. Turmin Goggo yana nan wurina.